Tulun Kwali da Gilashin Bature: Tarihin Ginin Tukwane a Tsohuwar Abuja

Kafin mu shiga bayani muna roƙon kowa ya laluba aljihunsa, in Allah ya sa akwai takardar Naira 20 a ciki, ya fito da ita. A gaba ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya sa hannu a kan doka ta 6 ta watan Fabrairun 1976, dokar da ta kafa wannan Babban Birnin Tarayya da muka baro garuruwanmu muka zo neman abinci a cikinsa. To, a juya bayanta. Za a ga wata mata ta duƙufa tana ginin tukunya. Mun sha tambayar 'yan'uwa a kasuwar Wuse da Dei-Dei da Zuba ko wace ce wannan, sai ka ji an ce "wata Bagwariya ce", magana ta ƙare ke nan. Sunanta Ladi Kwali, kuma garinsu Kwali yana nan kan hanyar Lokoja, gaba da Gwagwalada, cikin wannan yanki da muke zaune. Tun shekarar 2007 hotonta yake kan wannan takarda.

Labarinta ba zai fahimtu ba sai an san labarin yumɓun da ta yi aiki da shi, da irin wutar da aka gasa shi da ita, da kuma wani Baturen Ingila da ya zo da dabarar lulluɓe tukunya da gilashi.

Da farko dai, Abujar da za mu yi ta ambata a nan ita ce tsohuwar, watau Suleja ta Jihar Neja. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya yi sansani wajen Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 sai ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka sa wa garin sunansa. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ashe ke nan zaman Bahaushe a ƙasar nan ba da mu aka fara ba. Amma su ma Zazzagawan sun tarar da mutane a wurin, Gbagyi da muka saba kira Gwarawa, da Koro, da Gade, da sauransu. Sun kuma tarar da su da sana'o'insu, cikinsu har da ginin tukwane, wanda a ƙasar Gbagyi aikin mata ne.

Wannan sana'a ta daɗe a yankin nan fiye da yadda muke zato. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, daga nan aka yi ta samun irinsa, har a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, inda Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ya tono matoyan narka tama masu shekara fiye da 2,000. A 2021 ma wasu masana na Jamus da Ingila suka ba da sanarwar cewa sun sami ragowar kakin zuma a jikin sakainun tukwanen Nok masu shekara wajen 3,500. Yaya aka yi kakin ya zauna? Saboda tukunyar ƙasa tana shan abin da aka zuba mata. A riƙe wannan magana, don za mu dawo kanta.

Shi yumɓu asalinsa dutse ne. Irin duwatsun nan da suka kewaye mu, su Zuma da Aso, akwai wani ma'adini a jikinsu da masana ke kira felsfa, wanda ruwan sama da zafi kan ruɓar da shi a hankali cikin dubban shekaru har ya zama gari mai laushi. Ƙwayoyin garin nan ƙanana ne ƙwarai, kuma fale-fale suke kamar ɓawon kifi, shi ya sa in an jiƙa su sai su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba. Wannan shi ne danƙon yumɓu. Wanda ya zauna inda aka haife shi yakan fito fari tas, shi ne farar ƙasar da ake kira kawolin. Wanda kuwa ruwa ya kwasa ya kai fadama ya gauraya da tsatsar ƙarfe, shi ne jan yumɓun da maginanmu suka sani.

Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da inji. Takan kwaɓa yumɓu da yashi ko dakakkiyar tsohuwar sakaina, ta ɗora curi a ƙasa, ta huda shi da hannu tana jan gefensa sama, sannan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa. Tukunya na zaune, ita ce ke zagaya ta. In ta sha iska sai ta goge ta da santsin dutse, ta yi mata zane da wuƙa ko ɗan guntun icce ko murɗaɗɗiyar igiya. In tukwane sun bushe sarai sai a jera su a fili, a rufe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Wutar nan ba ta cika wuce digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Santigireti ba, kuma ba ta daɗewa. Sau da yawa tun da zafinsu ake yayyafa musu ruwan makuba, wannan dai da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda iyayenmu mata ke daɓe da shi. Shi ke ba tukunya duhu da ɗan sheƙi.

Me ke faruwa cikin wutar? Daga wajen digiri 450 zuwa 600 ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin yumɓun kansu yake fita, kuma da zarar ya fita shi ke nan, ko shekara nawa tukunya ta yi cikin ruwa ba za ta koma laka ba. Amma zafin bai kai ya narkar da ƙwayoyin su haɗe ba, sai dai su ɗan manne a gefe-gefe, a bar ƙananan ƙofofi a tsakani waɗanda ido ba ya gani. To, ƙofofin nan su ne dukan sirrin tulu da randa. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta kwashe shi, shi kuwa ruwa ba ya tashi sai ya tafi da zafi. Lissafin masana ya nuna cewa in kashi 1 cikin 100 na ruwan ya tashi, zafin da ya ɗauka ya isa ya sauke ragowar da kusan digiri 6, in ban da zafin waje da ke komawa ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani, lokacin da iska ta bushe, a kan damina. Haka kuma ƙofofin da yashin su ne ke hana tukunyar miya fashewa a kan murhu, domin in ɗan tsagu ya taso sai ya ci karo da ƙofa ya tsaya. Matan nan ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san daidai gwargwadon yashin da za su zuba.

Yanzu sai mu zo kan Baturen. Sunansa Michael Cardew, an haife shi a 1901, ya koyi gini a wurin shahararren maginin Ingila Bernard Leach. A 1942 ya zo Gwalkwas, watau Gana ta yau, ya yi aiki a Kwalejin Achimota, daga baya ya kafa tasa matoyar a Vume, bakin kogin Volta, inda ya sha wahala ba kaɗan ba. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, da nufin ya "gyara" sana'ar 'yan ƙasa. Ya zaga ƙasa ya duba. Abin da ya sa muke ganin girman mutumin nan shi ne rahoton da ya ba iyayen gidansa, inda ya nuna musu cewa tukunyar gargajiya ba ta bukatar gyara, ga araha, ga ta daidai da girki a kan itace da ajiyar ruwa. Abin da ya ga babu shi ne kayan cin abinci da shan shayi masu sheƙi, irin waɗanda ma'aikata da 'yan boko suka fara saye daga waje, watau tangaran, ko faɗi-ka-mutu kamar yadda muke ce masa. Shi ne ya ce a koya wa mutane yin su a nan gida.

A wannan zagayen ne ya sauka Abuja, ya ga tarin tukwane a gidan Sarki Sulaimanu Barau, cikinsu akwai na Ladi Kwali. Sarkin mutum ne mai ilimi, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, kuma mai son ayyukan hannu na talakawansa. Ga yumɓu, ga itace, ga ruwa, ga magina, ga kuma sarki mai maraba da aikin. Abin nema ya samu, wai matar falke ta haifi jaki. A 1951 aka fara aikin kafa Cibiyar Koyon Ginin Tukwane ta Abuja, a 1952 ta fara ɗaukar ɗalibai. Da farko maza zalla aka ɗauka, don su ake so a koya wa gini a kan faifan da ake juyawa da ƙafa.

Abin da Cardew ya kawo iri biyu ne, wuta da gilashi. Matoyarsa ginanniya ce ta bulo, rufaffiya, mai bututun hayaƙi, ana ciyar da ita itace ba ƙaƙƙautawa har zafi ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300. A wannan zafi wani sashe na jikin tukunyar yakan narke ya cike ƙofofin nan da muka ambata, tukunya ta fito da tauri kamar dutse. Jan yumɓun fadama shi kaɗai ba ya jure haka, lanƙwashewa zai yi ko ya kumbura, don haka dole a haɗa shi da wasu ƙasashen masu jimirin wuta, irin su kawolin, wanda ake samu a wuraren haƙar kuza na ƙasar Jos.

Shi kuwa sheƙin da ake gani a jikin tangaran ba fenti ba ne, gilashi ne sosai, siriri, wanda aka narkar a jikin tukunya. Uwar gilashi ita ce silika, watau abin da ke cikin farin yashi. Matsalarta ita ce ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da matoyar itace ba za ta kai ba. Sai a nemo mata abokan haɗi masu karya mata taurin kai, irin sinadaran da ke cikin toka da kanwa da felsfa da dutsen alli. Amma in an bar su haka, gilashin zai tsinke ya zube ƙasa kamar man shanu a rana, don haka ake ƙara ɗan yumɓu, wanda sinadarin alumina da ke cikinsa ke sa shi kauri ya tsaya inda aka sa shi. Waɗannan ukun ake niƙawa lilis, a dama da ruwa kamar koko, a tsoma tukunya a ciki, sannan a kai wuta. Mutanen Sin ne suka fara gano wannan fiye da shekara 3,000 da suka wuce, da suka lura cewa tokar da ke faɗawa kan tukwane cikin matoya mai tsananin zafi tana barin tabo mai sheƙi.

Launi kuma yawanci daga tsatsar ƙarfe yake. In kaɗan ce, kuma aka toshe wa wuta iska har ta riƙa hayaƙi, wutar takan zuƙe iskar da ke jikin tsatsar, sai gilashin ya fito kore-kore kamar ruwan tafki. In da yawa ce sai ya fito baƙi wuluk, gefensa ja-ja. Wahalar da ta fi duka ita ce daidaita riga da mai ita, domin in ana hucewa gilashin ya fi tukunyar tsukewa sai ya tsattsage kamar bayan kunkuru, in kuma tukunyar ce ta fi shi tsukewa da yawa sai ya ɓamɓare. Cardew ya yi shekaru yana auna duwatsu da toka da ƙasa na yankin nan kafin abin ya zauna masa, abin da ya koya kuma shi ya tattara a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda magina a ƙasashe da dama ke karantawa har yau. Wani alherin babbar wuta shi ne ba a bukatar dalma. Gilashin ƙaramar wuta da dalma aka saba narkar da shi a ƙasashe da yawa, mu kuwa tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba sai an gaya mana illar gubar dalma ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa gilashi baƙo ne a ƙasar nan. A unguwar Masaga ta Bida an daɗe ana narka shi ana yin awarwaro da duwatsun wuya, da can daga yashi da kanwa, daga baya daga fasassun kwalabe. A Ile-Ife ma an tono shaidar cewa ana yin gilashi tun tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Kai, langa da fanteka da iyayenmu ke jerawa a ɗakin amarya, farin da furannin da ke jikinsu gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe. Ɗora shi a kan tukunyar ƙasa ne dai ba a saba ba, kuma a ganinmu rashin bukata ne ya hana.

A watan Disamba na 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a wurin gwaggonta. Ta koyi faifan Bature, ta yi kwanuka da kofuna da farantai kamar kowa. Amma abin da ya fitar da sunanta shi ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu, yadda ta gada, sai dai da sabon haɗin yumɓu. Takan zana ƙadangare, da kada, da kunama, da hawainiya, da kifi, da tsuntsu, a cike zanen da farar ƙasa, a lulluɓe da gilashi mai haske yadda zanen zai fito ta ƙarƙashinsa. An nuna aikin Abuja a Berkeley Galleries ta Landan a 1958 da 1959 da 1962, tulunanta suka ja hankalin masu saye. Ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta je Amurka a 1972 tare da Cardew. Bayanta wasu matan suka shigo, irin su Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo koyo a wurinsu, yau tana cikin manyan maginan duniya.

To, a nan ne fa maganar take. Tulun da aka gasa a babbar wuta aka shafe da gilashi ya yi kyau, ba ya yoyo, ba ya tsufa. Amma ya yi nauyin da mace ba za ta saɓa shi a kafaɗa ta je rafi ba, kuma tun da an toshe ƙofofinsa, ruwan da aka zuba masa yadda ya shiga haka zai fito. A ɗora irinsa a kan murhu kuwa, sai dai a ji ƙara. Watau gilashin ya raba tulun da aikinsa, ya mai da shi abin ajiya a falo. Matan Kwali da Ushafa ba su sayi irinsa ba, ba su ma da dalilin saye. Masu saye su ne Turawa da manyan ma'aikata, shi ya sa yau in kana son ganin tulunan Ladi sai ka nufi gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ko na Smithsonian a Washinton. Shi ma burin farko, na a cika kasuwa da tangaran ɗan gida, bai cika ba. Matoyan da aka buɗe a Kano da Sakkwato da ɗaliban Abuja ba su yi nisan kwana ba, don kwanon da aka gina da hannu aka gasa da itace ba zai yi gasar farashi da langar kamfani ba, balle roba da ta biyo baya.

Ba muna cewa aikin ya tashi a banza ba ne. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya karɓa har 1972, kuma cibiyar ta yaye magina da suka kafa nasu, kamar Danlami Aliyu a Minna. Ita kuma Ladi, wadda ba ta yi makarantar boko ba, ta sami lambar MBE daga Ingila, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta sami babbar lambar yabo ta ƙasa da ake ba masana a 1980, da OON a 1981. Cardew ya rasu a 1983, ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a Wuse, wanda direbobinmu na tasi ke bi kullum. Sai dai mu lura, Sarkin Abuja ya riga kowa gane gwanintarta, tun tana gasawa da ciyawa a fili, kafin ta taɓa ganin gilashi.

Ita tsohuwar dabarar ma ba ta mutu ba. Wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da yalo da alayyafo suna kwanaki ba su lalace ba, ba lantarki ba janareta. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. A watan Agusta na wannan shekarar ce kuma Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci Ushafa, kan hanyar Bwari, inda aka kafa wa mata wurin ginin tukwane a zamanin shirin Better Life na Maryam Babangida.

Mu kuwa fa? Da yawanmu mun taso da randa a gindin bishiya a tsakar gida, da moɗa a kanta. Muka zo Abuja muka koma ruwan leda, in an ɗauke wuta mu bi masu ƙanƙara, ledar kuma ta tafi ta toshe mana kwata. Ga maƙwabtanmu Gbagyi, waɗanda birnin nan ya tashi da yawansu daga gonakinsu da ƙauyukansu, suna nan suna gini, duk fadamar da aka yanka filaye kuwa ramin yumɓunta ya tafi ke nan. Muna ciniki da su kullum, doya da gawayi da itace, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa taka ƙafa zuwa Ushafa ko Kwali, duk da ba su da nisa. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara, in za a fitar da yaran Islamiyya yawon buɗe ido, a sa Ushafa cikin lissafi, su ga yadda ake zagaya tukunya.

Wanda kuma ya je da niyyar saye, ya ƙwanƙwasa tulun da bayan yatsa. In ya ji amo a dushe kamar an bugi katako, akwai tsagu, ko wuta ba ta ratsa shi ba. In ya ji ƙara tsantsa kamar ƙararrawa, ga sheƙi ciki da waje, wannan na ado ne, a kai shi falo. Na ruwa shi ne mai amo a tsakani, wanda in an cika shi aka bar shi a inuwa, kafin la'asar za a ga jikinsa ya yi gumi.